Kofin Shayin Agadas

Ba za ni taɓa mantawa da ranar da na ƙara wa Agadas shiru a kan shirunta ba.

Da hutun makaranta ne Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba da ke aure can, ta zo Sabon Birni ta ce da ni za ta koma. Baba ya ce, "Wagga da ko gaisuwa sai an jawo ta? Za ta ba ki kunya." Gwaggo ta tsaya mini. Ya ce to, amma in na yi abin faɗa, daga ranar iyakar tafiyata Tsamaye, nan kusa da mu.

Garin ya burge ni. Gidajen jar ƙasa, doguwar hasumiyar masallaci da itatuwa suka leƙo ta jikinta, ba ƙugin babura irin na ranar kasuwarmu.

Washegari surukar Gwaggo, wata tsohuwa mai baƙin mayafi, ta dafa shayi a kan garwashi. Ƙananan kofuna uku gare ta, mu kuwa mun cika tabarma. Ni da nake baƙuwa ta fara miƙa wa. To a gidanmu yarinyar kirki ba ta zaƙewa gaban manya. Sai na riƙe kofin da hannu biyu, na sunkuyar da kai ina kallon kumfa.

Hira ta mutu. Tsohuwa ta sauke buta, ta mayar, ta sake saukewa. Ba abin da ban lura da shi ba: zobenta na azurfa, tururuwa a bakin tabarma, Gwaggo tana ta ƙifta ido (na ɗauka rairayi ne ya faɗa mata). Har na ce a raina, kai, mutanen nan akwai natsuwa!

Ashe ni ake jira. Ba a zuba na biyu sai kofuna sun dawo.

Can tsohuwa ta ce, "Ɗiyata, in kofin kike so, na ba ki. Amma ara mana shi mu ƙare."

Aka kwashe da dariya. Na shanye shi a kurɓi ɗaya, ga ɗaci ga sanyi, na sarƙe da tari.

Ranar komawa kuwa sai da tsohuwa ta ƙulle mini kofin a gefen mayafina. Da Gwaggo ta kai ni gida Baba ya ce, "To, mi ta yi?"

"Mi ta yi? Har kyauta ta samo, Yaya."

'Yan ajinmu suna tambayata ko akwai abin gani a Agadas ban da yashi da shiru. Nakan ce su je, ba za su yi nadama ba. Sai dai in wuri ya yi tsit, su fara duba hannunsu.