Ranar da Na Ƙirƙiro wa Dattijo Zuciya

Ba zan taɓa mantawa da safiyar jarrabawar aiki ta shekarata ta biyu a makarantar koyon aikin lafiya ba, ko da kuwa na so in manta. Na riga na faɗi jarrabawar sau ɗaya, kuma dokar a fili take: wanda ya sake faɗuwa zai maimaita shekara. Na ci alwashin ko ana ha-maza ha-mata sai na haye. Sati uku ina haddace littafi, abokan ɗakina har gudu na suke don kada in ce su ɗaga riga in gwada.

Aka kai mu ɗakin maza na wani asibiti a nan Daura. Malamar da za ta gwada ni ba ta da yawan magana, shirunta ya fi faɗanta ban tsoro. Ta nuna mini wani dattijo, mai sayar da shanu daga wajen Baure, wanda ciwon ƙafa ya kwantar. Ta ce in nemo inda zuciyarsa ta fi bugawa, in yi alama da biro, in ƙirga bugun minti ɗaya.

Na ce a raina, yau banza ta faɗi. Littafi ya ce hagu, ƙasa da nono kaɗan.

Na gaishe shi, na ɗora abin sauraron ƙirji. Shiru. Na matsa sama, na dawo ƙasa. Abin da nake ji bai wuce wani ɗan motsi can nesa ba, kamar ana daka a wata unguwa.

"Ɗana," in ji dattijon, "ai da ka..."

"Baba, a yi haƙuri a yi shiru, aiki nake." (Har da ɗaga masa hannu, ni a dole babban likita.)

Tsoro ya kama ni sosai, amma na ƙudurta ba zan buɗe baki in ce ban ji ba. Na zana masa da'ira a hagu, daidai inda littafi ya ce. Na kafa wa agogo ido ina gyaɗa kai, ina ƙirga abin da babu. Da minti ya cika na miƙe na ce, "Saba'in da biyu, Malama."

"Ka ji ta sosai?"

"Raɗau, Malama."

Ta juya wajen dattijon. "Baba, me kuke son gaya masa ɗazu?"

Ya gyara kwanciya a natse. "Cewa zan yi tawa a dama take. Haka Allah ya halicce ni, likitoci sun sha taruwa a kaina, har hoto sun ɗauka. Amma tunda yaron ya ji ta a hagu, wataƙila ta yi ƙaura ban sani ba."

Ɗakin ya ɗauki dariya, har wani da aka yi wa tiyata a ciki yana roƙon a bari kada ɗinkinsa ya warware. Malama ba ta ko murmusa ba. Ta kama hannuna ta mayar da shi dama, sai ga bugu ya cika mini kunne. Ta ce akan haifi wasu haka jefi-jefi, su rayu lafiya lau, kuma da gangan ta zaɓar mini shi.

"Da ka ce ba ka ji ba, da ka ci," in ji ta. "Da ka bar shi ya ƙarasa maganarsa ma, da ka ci."

Na maimaita shekarar, na zauna aji ɗaya da waɗanda a da nake yi wa kurarin ni ne gaba da su, kuma na haye da kyar. Yau shekarata bakwai a bakin aiki. Idan marar lafiya ya buɗe baki, nawa nake rufewa har ya gama, ko da labarin shanunsa zai ba ni. Kuma ba na jin akwai ma'aikacin da ya kai ni saurin cewa, "Ban ji ba, bari in sake."