Ruwan Tsaka-Tsakin Farfesa Deraman

Jama'a, kwana da kwanaki ke nan wata magana ta tsaya mini a rai, ko shinkafa na ɗora sai ta ƙone. Maganar maigidana ce, Deraman, wanda ya yi gadin ƙofar jami'a har ya yi ritaya, ya dawo ƙauyenmu na Kelantan da farar riga irin ta masu bincike, ya ce daga yau a riƙa kiransa Farfesa. Hujjarsa wai duk farfesan da ya shiga jami'ar nan, shi ya buɗe masa ƙofa, to wa ke gaba da wani?

Rannan a shagon shayi ya bugi tebur ya ce, "Kafin duriyan, 'yar itacen nan tamu mai ƙaya da wari, ta gama faɗowa bana, zan gano abin da ya gagari Turawa da 'yan Sin! Kowa ya san duriyan zafi gare ta, kokwamba sanyi. Naman akuya zafi, ruwan kwakwa sanyi. To a tsakaninsu akwai wani abu guda, ba zafi ba sanyi, ba ɗanɗano ba wari, daga shi aka gina duniya. Duk wanda ya sha, ba zazzaɓi, ba mura, ba faɗa da iyali."

Mai shayi ya ce, "Farfesa, anya ba ruwan rijiya kake nufi ba?"

"Ji jahili! Ruwa ai yana jiƙa mutum. Abin da ya jiƙa ka kuwa ya ɗauki ɓangare."

Gogan naku ya samo tulu ya girke a ƙarƙashin gida, tsakanin ginshiƙan da gidanmu na katako ke tsaye a kansu, daidai ƙasan tabarmar baƙi. Ya zuba duriyan, ya bi ta da kokwamba don ta kashe zafin. Sanyi ya so ya yi yawa, ya ƙara citta da barkono. Wari ya taso, ya ce wari sai wari, ya antaya budu, romon kifinmu da ake tsimawa. Tsami ya fito, ya danna toka. Ya toshe bakin tulun da ganyen ayaba da yumɓu.

Na leƙa na ce, "Baban Rohana, wannan abu fa motsi yake yi."

"Zafi da sanyi ne ke sulhu, mata. Ina ruwanki?"

Da ya ɗiba ya gwada wa kyanwarmu, ta sansana, ta haye bishiyar kwakwa, ta ƙi saukowa. Farfesa ya gyara tabarau ya ce, "Kin gani? Ba ta mutu ba, ba ta kuma nemi ƙari ba. Tsaka-tsaki ke nan!"

Ana cikin haka dangin Azlan, yaron da 'yarmu Rohana ke mutuwar so, suka aiko za su zo gaisuwar farko. Gwaggonsa Timah ce ta jagoranci matan, tsohuwa mai ido kamar na shaho. Aka zauna, aka miƙa ganyen taunawa, wanda shi ne goronmu na tarbar baƙi, ta fara kewaye-kewaye yadda aka saba: "Mun hango wani fure a lambun nan, ko akwai ƙudan zuman da ya riga mu?"

Ban kai ga amsawa ba sai ga Sarkin Bincike da faranti, kofuna cike da wani abu mai launin ruwan ambaliya. Baƙon da ya zo neman aure ba ya ƙin abin da aka miƙa masa, shi ma ya san da haka, shi ya sa ya zaɓe su. Rohana tana bayan labule tana cizon mayafi.

Gwaggo Timah ta ɗauki kofi, hancinta ya tattare, ta yi murmushi ta ce, "Ina mu ina riga maigida sha? Bisimilla, Farfesa."

Ashe bawan Allah bai taɓa ɗanɗanawa ba. Ya ce, "Ai mai bincike ba ya shiga cikin bincikensa, Gwaggo."

"Mu kuma ba ma shiga gaban manya. Bisimilla."

Ya ɗaga ya shanye. Kai ya ɗau gumi, ƙafafu suka ɗau rawar ɗari, ciki ya yi ƙara kamar injin kwalekwale. Ya ce, "Wannan... alamar nasara ce," ya zabura sai matakala. Ƙusa ta riƙe masa zanen da ya ɗaura irin na mazanmu, zanen ya tsaya, Farfesa ya wuce. A daidai nan tulun ya gaji da sulhu, ya yi bindiga. Abin ya feso ta tsakanin katakon daɓe, ya wanke Gwaggo Timah tun daga ƙafa har ɗankwali. Ko sallama ba mu yi ba.

Rohana ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ni kuwa na riga na haƙura da auren, sai ga Gwaggo Timah ta tare ni a kasuwa, ta ja ni gefe ta ce, "Uwar Rohana, zanen nan nawa ya ƙi wankuwa, na rataye shi a bakin gona. Tun ranar aladun dajin da ke cinye mana rogo ba su sake leƙowa ba. In mijinki zai haɗa mana tulu biyu, maganar aure tana nan daram."

Na gaya masa rabin saƙon, wato tulu biyun. Yanzu haka yana can shagon shayi yana shelar surukai sun shaida maganinsa, ya kuma yi rantsuwa ranar biki ba mai shan komai sai shi, har liman.

To ku ba ni shawara, don Allah. In na yi shiru, zai shayar da gari. In na faɗa masa gaskiya, zai yi zuciya ya fasa haɗa tulunan, auren 'yata ya bi ruwa. Ta wane baki zan gaya wa Farfesa cewa a duk duniyar nan, aladu kaɗai ne suka fahimci bincikensa?