Rasuwar Wayar Malamin Lissafi

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, malamin lissafi da ke haya a saman bene yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar wayarsa, wadda ta cika ranar Talata bayan gajeriyar jinya.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta rayu da tsagaggen gilashi ba tare da ƙorafi ba, tana riƙe caji har la'asar, kuma sau ɗaya tak ta taɓa yin ƙara a cikin aji, an ma yafe mata.

A watanninta na ƙarshe ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta. Yayar malamin, wadda ta gaji da ganinsa tuzuru, ta saka mata manhajar haɗa aure, irin mai kaifin basirar nan da ba ta haɗa mutum da kowa sai ta san shi ciki da waje. Kullum bayan an tashi makaranta marigayiyar kan yi 'yar ƙara, ta yi tambaya cikin tattausar murya, shi kuma ya faɗi gaskiya, don bai ga amfanin yi wa waya ƙarya ba.

"Wa ya ba ka dariya yau?" Mai shagon magani ta ƙasan benen, wadda ke kiransa Farfesa. "Wa ka fara gaya wa da aka yi maka ƙarin girma?" Ita. "Wace irin murya ke kwantar maka da hankali?" Nan ya yi dogon bayani kan yadda take karanta wa tsofaffi ƙa'idar shan magani. Da aka tambaye shi abin da ke damunsa, ya ce babu, sai dai ya ji za ta rufe shagon a ƙarshen wata ta koma garinsu.

Yana kan matakala lokacin da marigayiyar ta yi furucinta na ƙarshe: "Na duba duk matan da ke wurina, ba ni da wadda zan ba ka. Ka sauka ƙasa kafin wata ya ƙare."

Sai ta suɓuce daga hannunsa. Ita ce ta fara bin shawarar, ta sauka ƙasa, hawa bayan hawa. Mai gyara ya yi iya ƙoƙarinsa, daga baya ya girgiza kai.

Ta bar caja ɗaya, da murfin roba, da yaya guda da har yanzu ke tambayar ina aka kwana, da kuma leda cike da maganin ciwon kai wanda malamin ya yi ta saye alhali kansa lafiya lau.

Za a sauko da gawar ranar Asabar da hantsi, ta matakalar da ta yi ajalinta. Masu rakiya za su tsaya a ƙofar shagon magani. Ba a buƙatar taro, amma an roƙi kawun malamin ya zo cikin kayansa masu kyau, don shi zai yi magana. Malamin ya riga ya yi aski.