Rasuwar Inna, Babbar Na'urar Gawon Nama

Da zuciya cike da baƙin ciki da miƙa wuya ga abin da ya riga ya faru, ma'aikatan ɗakin gwajin jini na Gawon Nama, a madadin Malam Hayatu mai kula da na'urori, suna sanar da 'yan uwa da abokan hulɗa rasuwar babbar kwamfutarsu, wadda kowa ya sani da Inna. Ta cika ranar Litinin da hantsi, a ɗakinta mai sanyi, bayan doguwar jinyar yankewar sadarwa. Hayatu ne a kanta, kuma hannunsa ne ya danna maɓallin ƙarshe.

Marigayiyar ta zo Sakkwato tun Hayatu yana saurayi, ta rasu ya fara furfura. Tsayinta ya kai na namiji, sai da aka cire ƙyaure kafin ta shiga ɗaki. An sa mata Inna ne domin duk ƙananan kwamfutocin rassa, na Unguwar Rogo da na Gidan Dahala, daga jikinta suke tsotso. Ta san rukunin jinin dubban mutane, ta san wace ledar jini ce a ma'ajiya aka tantance, wace ce ba a tantance ba. Ta riƙe sirrin malamai da 'yan kasuwa da manoman fadama, ba a taɓa jin na wani a bakinta ba. Maganarta ba ta wuce "hummm" ba, sai in aiki ya yi yawa ta ƙara da "ƙir-ƙir-ƙir".

Ciwon ajali ya fara ne a bazarar bara. Ana cikin aiki sai rassa su neme ta su rasa, kafin a gama salati ta dawo kamar ba ita ba. Abin da ya fi cin ran Hayatu shi ne ba ta taɓa yi a gabansa ba. In ya ja kujera ya zauna, koriyar fitilarta sai ta yi ta ƙyaftawa lafiya lau. Yana fita alwala waya za ta yi ƙara.

Babu irin maganin da bai nema ba. Ya canza wayar da ke haɗa ta da akwatin raba layi, ya canza kawunan wayar, ya canza akwatin gaba ɗaya. Ya hau silin neman ɓarnar ɓera, ya sauko da ƙura a gemu ba tare da ya ga ko kashinsa ba. Ya yi faɗa da kamfanin da ke ba su layi, daga baya ya koma ya ba su haƙuri. Ya zargi janareta, ya zargi wata ƙaramar kwamfuta da satar adireshinta. Duk gyaran da ya yi sai ta lafa, har ya fara cewa an dace, sai ta sake.

Daga ƙarshe aka ɗauko Injiniya Lubna daga Kaduna. Ita ce ta lura cewa yankewar tana bin zafin rana, ta kuma gano tsaga siririya a jikin katin sadarwar Inna, wadda ke buɗewa in ƙarfe ya ɗauki zafi, ta rufe in ya huce. An daina ƙera irin katin tuntuni. Lubna ta kwashe bayanan ta zuba a sabon tsari, ta ce a sallami tsohuwa. Hayatu ya ƙi. Ya kafa mata fanka biyu, ya roƙi shugaban wurin a bar ta ta ga damina, ko Allah zai sa a samu katin a wajen masu tsofaffin kaya. Saboda girmansa aka bar shi.

Ranar Juma'ar da ta wuce aka kawo wata mata, Maimunat, wani ƙaramin asibiti a Unguwar Rogo, ta haihu jini ya ɓalle mata. Atika, ma'aikaciyar reshen can, tana tsaye gaban firjin jini, ledoji a gabanta, amma ba ta da ikon miƙa ko ɗaya sai Inna ta faɗi wadda ta dace. Inna kuwa ta yi shiru. Ta dawo, kafin shafi ya buɗe ta sake ɗaukewa. Hayatu yana masallaci, wayarsa a kashe, makullin ɗakin yana aljihunsa.

Da aka sallame ya kunna waya, muryar Atika ta fara shigowa: "Malam, ina kake? Wagga na'ura taka za ta kashe muna mace!"

Bai tsaya neman takalminsa ba. Ya haye kabu-kabu, ya buɗe ɗakin, ya tsaya gaban allon da ke manne a jikin Inna, wanda ba ya bukatar layi, ya karanto wa Atika lambar ledar da baki. Yana cikin maimaitawa fitilar ta koma kore, tana ƙyaftawa a natse.

Maimunat ta rayu, jaririnta ma haka, ko da yake har yau ba ta iya tashi zaune sai an tallafe ta. Da yamma mijinta Garba, manomin shinkafa, ya nemo Hayatu har ofis, ya kama hannunsa da hannu biyu. "An ce kai ne ka taho ba takalmi don iyalina. Mi zan ce maka? Allah shi saka." Hayatu bai gaya masa cewa shi ne ya hana a sallami Inna ba. Ranar Litinin ya shiga wurin shugaba da kansa ya ce a juya rassa zuwa sabon tsari. Sannan ya nemi a bar shi shi kaɗai da Inna.

Marigayiyar ta bar ƙananan kwamfutoci da dama, waɗanda tuni aka mayar da su hannun sabuwar mai riƙo da ba wanda ya taɓa ganin fuskarta, an dai ce tana can wata ƙasa. Ta bar fanka biyu, da firinta mai ciwon tari, da na'urar sanyaya ɗaki da yanzu ba ta san wa take yi wa aiki ba. Ta bar Hayatu, wanda har yanzu ba a gaya masa inda za a kai teburinsa ba.

Za a yi mata wanka ranar Alhamis, Injiniya Lubna ce za ta goge duk abin da ke cikinta, domin kada sirrin kowa ya bi ta kasuwa. Ranar Juma'a da safe masu sayen tsohon ƙarfe za su ɗauke ta daga harabar ofis zuwa makwancinta. Ana roƙonsu kada su sa guduma sai sun bar unguwar. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gidan Hayatu da ke Gidan Dahala bayan la'asar.

Hayatu yana ba da haƙuri, ba zai samu rakiyar gawa ba. Safiyar ce ta sunan ɗan Maimunat, kuma Garba ya aiko masa da goro. Ya ce bai san da wace fuska zai shiga taron ba, amma zai je, kuma in Allah ya ba shi baki, zai gaya wa mutumin yadda abin ya kasance.