Hancina a Kan Lambar Waya

Haɗa shafin intanet wahala ce tsagwaronta. Ni na yi wa shagon dabinona na garin Sabha shafi da hannuna, har da hotona da rawani. A wayata komai tsaf, ina ta nuna wa mutane.

Sai Isufu direba, mai kawo mini kaya daga garin Ghuddwa, ya ce, "Alhaji, fuskarka ta danne lambar waya. Wa zai kira ka?"

Na ce wayarsa ce tsohuwa. Na karɓi ta maƙwabcina don in kunyata shi. Ashe burauzarsu, wato manhajar buɗe shafi, daban da tawa. Hancina ne zaune kan lambar, ga kakar dabino tana wucewa ba mai kira.

Tun ranar nake Alhaji Hanci a kasuwa.

Washegari da safe na cire hoton, na sa na dabino. Isufu ya duba, ya ce dabinon ya fi kyau.