Ranar da Na Gaida Surukina a Kan Injin Wanki

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya kwashe min sauran tunanina, da ranar da na gaida surukina ina zaune a kan injin wanki.

Ni malamin lakkol ne a Tanut, lissafi nake koyarwa. Iyakar gyaran da na taɓa yi shi ne canza ƙwan lantarki. Amma ka san halin mai ɗan ilimi, "ban sani ba" nauyi take yi masa a baki.

Yayan matata ne ya kawo wa Hajiya, surukata, injin wanki da aka taɓa amfani da shi daga Aljeriya, irin mai ƙofar gilashi a gaba. Wanki yana yi lafiya lau, amma da ya zo matse kaya sai ya kama ruri kamar injin niƙa, yana tafiya da ƙafarsa. Ranar da muka je gaisuwa Hajiya ta ce za ta sa a nemo mai gyara daga Damagaram. Na gyara zama na ce, "Haba Hajiya, alhali ina cikin garin nan? Amotisar ɗinsa ne suka mutu, ƙarafan da ke riƙe gangar ciki kar ta yi tsalle. Aikin minti goma ne."

(Kwana biyu kawai kafin nan na ga wannan bayani a bidiyo a waya. Ban ma kalla har ƙarshe ba.)

A hanya matata Rakiya, wadda ke kirana Mushe yadda ake kiran malaman lakkol, ta ce, "Mushe, don Allah ka rufa mana asiri." Na ce ta zuba ido.

Na sa wani direba ya kawo min sababbi. Ran Asabar da hantsi na kwanta a tsakar gidan surukai ina kwance tsofaffin. Minti goma ya zama awa uku. Kafin in gama maƙwabta sun cika gidan, don Hajiya ta baza labari cewa mijin Rakiya injiniya ne. Na miƙe na kakkaɓe riga, na ce a kawo barguna mafiya nauyi. Aka ɗura wa injin ruwan da aka yi kwana biyu ana tarawa, na kunna.

Da farko shiru. Hajiya har ta fara sa min albarka. Yana kaiwa matsa sai ya yi wata girgiza, ya zabura ya nufi randunan ruwa. Mata suka watse, akuya ta tsinke igiya. Ni kuwa dabarar da ta zo min ita ce in yi tsalle in haye kansa.

Ina kai ina riƙe da gefe, hula ta faɗi, haƙora na haɗuwa, sai ga sallamar Baba, mahaifin Rakiya, ya dawo daga Belbeji. Mutumin da ban taɓa gaida shi a tsaye ba, kullum sai na durƙusa tun daga bakin zaure. In sauka, inji ya fasa randuna. In zauna, na gaida suruki daga sama kamar mai raƙumi.

Na ce, "Sa-sa-sannu da zu-zu-zuwa, Ba-ba-baba."

Ya tsaya ya dube ni. Ya ce, "Yawwa Malam. Ina aka nufa?"

Ya taka a hankali ya zare wayar daga bango. Komai ya tsaya. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar ciwo, sai dariyar Rakiya da take ƙoƙarin dannewa da gyale.

Baba tsohon direban babbar mota ne, shekarunsa sun ƙare a hanyar Agadas. Ya leƙa ƙarƙashi ya ce, "Ina filan da ke riƙe su?" Na sa hannu a aljihu na fito da ƴan sanduna biyu na roba. Na ce na ɗauka rara ne. Ya karɓa, ya kwanta da farar rigarsa, ya cusa su. Ko minti goma bai yi ba. Inji ya dawo yana matsa a natse, barguna suka fita tas.

Har yau in na je gaisuwa, bayan na durƙusa, Baba yakan ce, "A kawo wa Malam tabarma. Ko ya fi son na sama?"

Tun daga ranar na koyi abu biyu. In abu ya haukace, fara neman inda wayarsa take. Sannan a gidan surukai "ban sani ba" ta fi arha nesa ba kusa ba.