Askin Albasa

A makona na farko na zama mataimakin shugaban wata sakandare a Hayin Banki, na ƙudurta sai kowa ya san an samu mai tsafta. Da na leƙa ɗakin gwaje-gwaje, sai na tarar da albasa jere a bakin kofunan ruwa, duk ta yi saiwa buzu-buzu. Na girgiza kai, na ɗauki reza na aske ta tas, na watsa saiwar a kwata, na tsaya jiran yabo.

Malama Hadiza mai koyar da bayoloji ta shigo da ɗalibanta, suna ɗauke da na'urorin duba ƙananan halittu.

"Ranka ya daɗe, ina saiwar?"

"Ai na gyara muku wurin," in ji ni.

Ta daɗe tana duban kofunan. Sannan ta ce a tsinin saiwar ake ganin yadda ƙwayoyin halitta ke rabuwa. Tun makon jiya suke rainonta, kuma a kanta za a yi jarrabawar gobe.

Ba wanda ya yi dariya a gabana. Amma har yau in na shiga ɗakin malamai, sai wani ya shafa gemunsa ya ce, "Wanzami, yaushe za ka samu lokacina?"